Me Tarwaɗar Kiwo Take Ci? Tace Gaskiya Daga Jita-jita

Duk mai tsayawa sayen soyayyen kifi da almuru a Ƙofar Doka ya san tambayar da ake fara jefa wa mai kasko: "Malam, na rafi ne ko na kiwo?" Da ya ce na kiwo ne, sai wani ya yatsine fuska, ya ce ai allura ake yi musu su kumbura, mushen kaji kuma shi ne cimarsu. A cikin zantukan nan akwai ƙarya tsagwaronta, akwai gaskiyar da aka yi wa ƙari.

Lalle akwai allura a sana'ar, sai dai ba ta ƙiba ba ce. Tarwaɗa ba ta sakin ƙwai a tafkin siminti ko na roba, domin a daji ma sai damina ta kankama, ruwa ya malala cikin ciyayin fadama, sannan take yi. Shi ya sa mai ƙyanƙyasa yake zaɓar uwa mai ƙwai, ya yi mata allurar Ovaprim ko makamanciyarta, bayan kamar rabin yini ya matse ƙwan, ya haɗa shi da ruwan namiji. Galibi uwar kaɗai ke shan allura. Wanda ke cikin kasko ɗanta ne, allura ba ta taɓa shi ba. A hankalce ma, wa zai bi kifi dubu biyu ɗaya bayan ɗaya da sirinji, ga santsi, ga ƙaya, ga tsadar magani?

Abinci ne ke sa shi girma. Abincin buhu ana haɗa shi da waken suya, masara, ƙuli-ƙuli da garin kifi, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasa mai gina jiki ne. Idan ruwa ya yi kyau, kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi na wannan abinci yakan ba da kilo guda na kifi, cikin wata biyar zuwa shida. Matsalar ita ce abincin ke lashe kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwon, kuma daga nan ne zance na biyu ya samo tushe.

E, wasu masu kiwo suna ba kifinsu hanjin kaji, wasu har da kajin da suka mutu a gonaki, don rage kashe kuɗi. Ba duka ba ne, amma musun hakan yaudarar kai ne. Hanjin kazar da aka yanka lafiya, aka tafasa shi, abinci ne mai kyau ga tarwaɗa. Kazar da cuta ta kashe, aka jefa ta ɗanya, wannan ganganci ne: tana ruɓar da ruwa, tana shigo da ƙwayoyin cuta, kifin ya fara mutuwa. Sai mai shi ya garzaya ya zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su oxytetracycline, ba shawarar likitan dabbobi, ya kuma kwashe kifin zuwa kasuwa kafin maganin ya gama fita daga jikinsa. A ganina wannan ya fi cancantar surutu fiye da allurar da ake ta yayatawa, domin ragowar magani a nama tana taimaka wa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, kuma suya ba ta da tabbacin kawar da ita.

Tsutsar da wasu ke ba kifi kuwa, ƙyanƙyami ne kawai ke damun mu. Tarayyar Turai ta halatta sa garin ƙwari a abincin kifi tun 2017. Ta fuskar addini, a mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin ruwa halal ne, a tambayi malamai kan sauran bayani.

Sai masu cewa na rafi ya fi tsafta. Tarwaɗar kogin Galma ko ta rafin Kubanni ba ganye take ci ba. Da dare take farauta, tana lalube da gashin bakinta, wanda da shi take jin ɗanɗano: ƙananan kifaye, 'ya'yan kwaɗi, katantanwa, ƙwari, 'ya'yan itace, har da mushe in ta samu. Tana cin 'yan uwanta ma, shi ya sa masu kiwo ke ware manya daga ƙanana a kai a kai. Tsaftar kifin rafi tana ga tsaftar rafin, ita kuwa Kubanni kowa ya san abin da magudanan Samaru da Sabon Gari ke kai mata kafin ta haɗu da Galma.

Ita ma karfasa an yi mata ƙazafi biyu. Na farko, wai kashin kaji take ci. Galibi taki ake zubawa don ruwan ya yi kore, wato ƙananan tsirran ruwa su yaɗu, su ne ainihin abincinta, kamar yadda ba a cewa mai cin tuwon dawa ya ci takin da aka kai gona. Na biyu, wai tana cinye 'ya'yanta, don an gan su a bakinta. Reno take yi. Uwar tana riƙe ƙwan a baki har ya ƙyanƙyashe, kusan mako biyu tana azumi, bayan nan ma da 'ya'yan sun ga haɗari sai su ruga su koma ciki.

Abin mamaki, zancen da ya fi kama da tatsuniya shi ne ya tabbata: cewa gaiwa jikinta take ci. Idan fadama ta ƙafe, gaiwa takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska, domin tana da huhu. Haka za ta kwashe watannin rani ba ci ba sha, jikinta yana narkar da tsokarta a hankali don ta rayu. Ba gatsar kanta take yi ba, ramewa take yi. Da ruwa ya dawo sai ta fito da yunwa, ta far wa katantanwa da ƙananan kifaye, kuma haƙoranta na iya fasa ƙoƙon katantanwa, don haka mai kama ta ya kiyayi yatsunsa.