Tuƙa Keke A Cikin Ɗaki: Wanne Ya Dace Da Mai Juna Biyu?

 

A ɗakin awon ciki ana yawan yi mana tambaya a kan motsa jiki, amma kwanakin baya wata baiwar Allah mai cikin wata biyar ta zo da tambayar da ba mu saba ji ba. Ta ce maigidanta mai sha'awar tseren keke ne, ya sayo wani ƙarfe a wurin 'yan gwanjo wanda ake ɗora keke a kai a yi ta tuƙawa a tsakar ɗaki ba tare da an gusa ko'ina ba. A gidan akwai kekuna uku: nasa na tsere, wani tsohon Raleigh na mahaifinsa, da na yaransu. Tun da an ce mata motsa jiki yana da amfani ga mai ciki, wanne za ta ɗora a kai ta hau?

Amsar da muka ba ta ita ce kada ta hau ko ɗaya a kan wannan ƙarfen sai bayan ta sauka. Amma ba mu hana ta tuƙa keke ba. Abin da muke gudu shi ne faɗuwa, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi miki bayani dalla-dalla, ke da maigida.

Mene ne rola?

Sunan wannan ƙarfe rola. Idan ba ki taɓa ganinsa ba, ki ɗauka an kwantar da taɓare uku gajeru masu santsi a cikin wani firam mai kama da tsani, kowace tana juyawa a inda take. Biyu suna baya kusa da juna, a tsakaninsu tayar baya take zama. Ɗaya tana gaba, a kanta tayar gaba take hawa. Akwai bel irin na keken ɗinki da ya haɗa ta gaba da ɗaya daga cikin na baya, saboda haka da an taka feda tayoyin biyu duka za su juya.

Ga inda maganar take: babu abin da ya riƙe keken. Ba a ɗaure shi ba, ba a matse shi da kusa ba. Mahayi ne yake tsayar da shi da jikinsa kamar yadda yake yi a kan titi, sai dai wannan titin faɗinsa bai kai rabin mita ba, kuma santsi gare shi. Ga shi ya ɗaga keken sama da ƙasa da kamar santimita 10 ko fiye, ta yadda ƙafar da ta saba taɓa ƙasa idan an tsaya ba za ta same ta a inda ta saba ba. Idan mahayi ya waiwaya don an kira shi, ko ya rage gudu sosai, ko ya damƙe birki, sai keken ya fara tangaɗi. Idan taya ta zame ta gefe, keken ba ya zabura gaba kamar yadda mutane suke zato. Tsayawa yake yi cak, mutum ya kife ta gefe, a kan siminti ko gefen gado ko tebur. Shi ya sa ko 'yan tsere idan suna koyo a bakin ƙofa suke ajiye shi, don su dafa bango. Su abin da suke nema a wurinsa ke nan, ya koya musu daidaita jiki. Ke kuwa a wannan lokacin daidaita jikin ne abin da ya fi ba ki wuya.

Kowane keke da nasa saiti

Wani abin da masu sayen rola ba su cika sani ba shi ne ba a sauke wannan keke a ɗora wancan haka kawai. Taɓaryar gaba ana matsar da ita gaba ko baya, akwai ramuka a jikin firam ɗin don haka. Ƙa'ida ita ce tsakiyar tayar gaba ta zauna daidai saman taɓaryar, ko ta ɗan ja baya kaɗan. Idan tayar ta wuce gaba, keken zai iya gangarowa ya sauka. Idan ta yi baya da yawa, kan keken ba zai juyu yadda ya kamata ba.

Keken tsere gajere ne, tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayoyinsa kusan mita 1 ce. Kekunan da muka saba da su irin Raleigh da Phoenix sun fi shi tsawo, wani ma ko an kai taɓaryar ramin ƙarshe ba zai zauna daidai ba. Keken hawan dutse mai taya ƙuraje-ƙuraje yana cika gida da ƙara, yana kuma girgiza mahayi tun daga sirdi har haƙora, sai an canza masa taya mai santsi an kuma ba ta iska sosai. Na yara kuwa bai ma kai ba. Don haka a gidan da mutum biyu ko uku suke amfani da rola ɗaya, duk wanda ya hau bayan wani ba tare da ya sake saiti ba, ya hau abin da aka gyara wa wani keken daban. Maigida, wannan naka ne ka kiyaye, don kai ma ba a so ka karye a lokacin da ake buƙatarka.

Me ya sa faɗuwa ta fi haɗari yanzu?

Jikinki na yau ba na bara ba ne. Macen da nauyinta yake daidai kafin ta ɗauki ciki, ana sa ran ta ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin haihuwa, kuma yawancinsa gaba yake rinjaya. Jijiyoyin da suke riƙe gaɓoɓi suna saki don ƙugu ya buɗe wa jariri hanya. Jinin jikinki yana ƙaruwa da kusan rabi, amma a tsakiyar ciki bugun jini kan ɗan sauka, shi ya sa kike jin jiri idan kin miƙe da sauri. Ko wadda ta iya keke tun tana 'yar firamare, jikin da ya koyi keken ba shi ne wannan ba.

A watanni ukun farko mahaifa tana ɓoye a cikin ƙashin ƙugu. Daga mako na 12 take fara ɗagowa, daga nan kuma babu ƙashin da ya kare ta ta gaba. Idan aka bugu a ciki, mabiyiya tana iya ɓallewa daga jikin mahaifa kafin lokaci. Ta nan jariri yake samun abinci da iska, don haka ransa yana cikin haɗari, ke ma kina iya zubar da jini mai yawa. Abin tsoron shi ne wani lokaci jinin ba ya fitowa waje, a ciki yake taruwa, mace tana ganin ai ba komai. Saboda haka idan kin faɗi, daga keke ne ko a banɗaki ko daga kan babur, musamman bayan ciki ya fito, ki zo asibiti a ranar, ko ba ki ga jini ba, ko jariri yana motsi. Za a saurari bugun zuciyarsa a kuma sa miki ido na wasu sa'o'i. Ki taho da katinki na awo, domin idan rukunin jininki negetif ne akwai allurar da ake so a yi miki cikin sa'o'i 72.

To wanne za ki hau?

Kafaffen keke, wato wanda aka ƙera don ɗaki, mai gindi mai faɗi da ba shi da tayar tafiya, irin wanda kike gani a sashen gashi da motsa jiki na asibiti. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta sa shi cikin motsa jikin da ba shi da haɗari ga mai ciki a shawarwarinta na shekarar 2020. A wannan shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta ba da shawarar mai ciki da ba ta da wata matsala ta samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato kamar minti 30 sau biyar.

Amfanin ba ƙarami ba ne. A wani bincike da aka yi a birnin Beijin na ƙasar Sin, aka buga a 2017, an raba mata 300 masu ƙiba gida biyu tun cikinsu yana ƙarami. Rabi suna tuƙa kafaffen keke na aƙalla minti 30 sau uku a mako, rabi ba sa yi. Cikin masu tuƙawa kashi 22 cikin ɗari ne suka kamu da ciwon sugan ciki, cikin waɗanda ba sa yi kuwa kusan kashi 41. Ban da wannan, yana taimakawa wajen taurin bayan gida da rashin barci, kuma gwiwa ba ta ɗaukar nauyi kamar a tafiyar ƙasa. Ga wadda ba ta cika fita ba, ko unguwarsu ba ta da hanyar tafiya mai kyau, abu ne da za ta yi a ɗakinta cikin sutura.

Idan babu kafaffen keke, akwai wani ƙarfen daban da yake damƙe tsakiyar tayar baya ta ɓangarori biyu ya tsayar da keken gida cak. Wannan ya fi rola aminci nesa ba kusa ba, amma shi ma ba kowane keke yake karɓa ba. Yawancinsu don kekunan tsere aka yi su, tsohon keke mai noti a gefen taya ba lallai ya kamu da kyau ba. A kai wa mai gyaran keke ya duba, maigida ya fara hawa ya jijjiga shi da ƙarfi kafin ke. Kuma ki zaɓi keken mata marar sandar tsakiya, domin ɗaga ƙafa a tsallake sanda da tsohon ciki shi kansa hanyar faɗuwa ce. Keken tsere kuma kansa a ƙasa yake, zai sa ki duƙa cinya tana bugun ciki. Wasu rola suna zuwa da ƙafar da ake cire tayar gaba a ɗaure keken a jikinta. Ta rage haɗari, amma tayar baya tana nan a sake, ga tsawon hawa da sauka. Mu dai ba mu ba ki shawararsa ba.

In babu ko ɗaya, kada a ci bashi a kan wannan. Tafiya da ɗan sauri a tsakar gida ko a layi da sanyin safiya tana biyan buƙata.

Yadda za ki yi

Kafin komai ki gaya wa likita ko ungozoma a ranar awo. Akwai waɗanda ba a yarda su yi ba sam: wadda hoto ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa bayan mako na 26, wadda aka ɗinke wa bakin mahaifa, mai zubar jini, wadda faya ta fashe, mai hawan jinin ciki, mai ƙarancin jini sosai, mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani, da wadda naƙuda ta taɓa taso mata kafin lokaci a wannan cikin. Mai 'yan biyu da mai sikila su ma sai da izinin likitansu.

Idan an ba ki dama, ki fara da minti 10 ko 15 a hankali, ki riƙa ƙarawa mako-mako. A gyara sirdi yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwarki za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, a ɗaga kan keken sama yayin da ciki yake girma don ki zauna a miƙe. Ki sa wando, zani da dogon hijabi suna shiga sarƙa. Kada ki miƙe tsaye a kan feda. Ma'aunin wahala kuwa bakinki ne: idan kina iya hira da wanda ke kusa da ke kina tuƙawa, kina daidai. Idan magana ta fara yankewa saboda haki, ki sassauta. Wataƙila ki ji an ce kada bugun zuciyar mai ciki ya wuce 140 a minti. Tsohuwar ƙa'ida ce ta 1985, waɗanda suka kafa ta sun janye ta tun 1994.

Zafi shi ne babban abin lura a wurinmu. Mai tuƙa keke a waje iska tana busar masa da gumi, a ɗaki kuwa babu. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, ki yi da sassafe ko bayan magariba, taga a buɗe, fanka a gabanki, gorar ruwa a inda hannunki zai kai. Idan an ɗauke wuta ɗaki ya yi zafi, ki haƙura da na ranar. Kada a jawo janareta kusa da taga ko cikin zaure don a kunna miki fanka, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba, kuma jariri ya fi ki saurin cutuwa da shi. Kada ki hau da yunwa, kuma idan kina azumi ki bari sai kin sha ruwa abinci ya ɗan faɗa.

Ki sauka nan take ki nemi asibiti idan kin ga jini ko ruwa yana fita ta gabanki, ko mara tana murɗawa a kai a kai, ko kin ji jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, ko numfashi ya yi miki wuya tun kafin ki fara. Haka nan idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko motsin jariri ya ragu. Idan kuma gaban ƙashin ƙugu ne yake ciwo duk sanda kika hau, ki faɗa a wurin awo, a iya canza miki da wani motsa jikin.

Wata magana ga maigida: idan kana kan rola ko wani keken ɗaki, a fitar da ƙananan yara. Bel, sarƙa da wayoyin taya suna cafke yatsan mai rarrafe kafin ka ankara. In ka gama ka naɗe shi ka jingine a inda mai ciki ba za ta yi tuntuɓe da shi da dare ba.

Bayan kin sauka lafiya, tafiya a hankali za ki fara da ita. Zama a kan sirdi sai jini ya ɗauke, ɗinki ya warke, wanda ga mafi yawan mata yakan zo daidai da awon mako shida, wato wajen arba'in. Wadda aka yi wa aiki ta jira sai likita ya duba ta ya ce ta fara. Rola kuwa shi ne na ƙarshe, bayan ƙarfin ƙugu da na ciki ya dawo, da keken da aka yi wa saiti daidai da shi, a bakin ƙofa, da wani a tsaye kusa da ke.