Yatsu da Tsirkiya: Yadda Hannun Makaɗi Ya Haifar da Salo a Kiɗan Rok da Metal

Masu nazarin waƙa sun saba fifita mawaƙi a kan makaɗi, amma a kiɗan rok na Turai da Amurka, mai jita kan zama tauraron ƙungiya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna cewa salon waɗannan gwanaye bai tsaya ga basira kaɗai ba, domin surar hannu da yanayin kayan kiɗa suna da babban kaso a ciki. Za a kafa hujja da bahagwai biyu.

Na farko shi ne Toni Ayomi na ƙungiyar Black Sabbath, wanda aka haifa a Bamingam ta Ingila a 1948. Yana ɗan shekara 17, injin masana'antar ƙarfe ya guntule masa kan yatsu biyu na hannun dama, wato na tsakiya da mai bi masa. Da yake bahago ne, wannan shi ne hannun da yake danne tsirkiya da shi. Wani shugabansa a wurin aiki ya saurarar da shi kiɗan Jango Rainhat, makaɗin jaz da gobara ta nakasa wa yatsu biyu, sai ya daure ya koma ga jita. Ya narkar da robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe ta da fata, ya kuma nemi tsirkiyoyi marasa kauri. Daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafin dannawa, har a faifan Master of Reality na 1971 ya sauke sautin wasu waƙoƙi da mataki ɗaya da rabi. Tsirkiya in ta yi sako-sako takan ba da amo mai zurfi da nauyi. Wannan nauyi, haɗe da gajerun gaɓoɓin kiɗa da yake ta nanatawa maimakon gudun yatsu, shi ya zama ginshiƙin metal. Ba za a ce rauni kaɗai ya haifi salon ba, amma a ganina da wuya a fahimci salon ba tare da shi ba.

Jimi Hendiriks, Ba'amurken da ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27, ya bi wata hanyar. Ya ɗauki jitar Fender Stratocaster da aka ƙera wa masu amfani da dama, ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyinta. Wannan juyi ya karkata na'urar ɗaukar sauti ta ƙasa zuwa ɗaya gefen, sai tsirkiyoyi masu kauri suka ƙara kaifi, sirara kuma suka yi laushi. Yakan zagayo da babban yatsa ya danne tsirkiyar sama, sauran yatsun su sami sararin yin ado. Ƙarar da kan tashi idan jita ta kusanci lasifika, wadda injiniyoyi ke ɗauka aibi, shi ya mai da ita kiɗa. Da ita ya kwaikwayi rugugin bama-bamai cikin taken Amurka a bikin Wudstok na 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam.

Edi Ban Helen ba bahago ba ne, amma ya rushe rabon aikin hannuwa. A "Eruption" na 1978 ya kai hannun dama kan wuyan jita yana ƙwanƙwasa tsirkiya, hannu biyu suna aiki guda. Ba shi ya ƙago dabarar ba, shi dai ya yayata ta, kuma da yawa daga mabiyansa gudun kawai suka ɗauka suka bar daɗin kari.

Wannan zance ya iso har maƙwabta. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar da ya yi suna daga Agadas, shi ma bahago ne, kuma da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. A faifansa Afrique Victime na 2021 ana jin ƙwanƙwasar Ban Helen tana tafiya a kan karin kiɗan Buzaye.