Ciwon Hanta: Yadda Masana Ke Bin Sawun Sabon Magani A Cikin Jiki

Duk ɗan kasuwar da ya loda albasa daga Bawku zuwa Kumasi hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji kaya sun sauka inda aka aike su. Irin wannan damuwa ce ke ga masu binciken sabon maganin da ke toshe bakin ƙwayar gado, wato ya hana ta bayar da umarnin ƙera abin da ke jawo cuta.

A shekarar 1998 ne Andrew Fire da Craig Mello na Amurka suka gano wannan hanya a jikin wata 'yar tsutsa, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2006. A 2018 kuma Amurka ta amince da patisiran, magani na farko irin wannan, wanda a hanta yake aikinsa.

Matsalar ita ce maganin ba shi da ƙarko, jini na iya lalata shi, ƙoda kuma ta fitar da shi kafin ya isa. Saboda haka masana kan liƙa masa wani sinadari mai fitar da ɗan tururi, su yi wa ɓera ko biri allura, sannan su sa dabbar cikin na'urar hoto ta PET. Hoton kan nuna inda maganin ya taru, da yawansa, da tsawon lokacin da ya zauna, ba tare da an yanka dabbar ba.

Abin ya shafe mu ne domin irin waɗannan magunguna sun fi taruwa a hanta, shi ya sa aka yi shekaru ana gwada su a kan ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da cutar, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka.

Kafin sabon maganin ya iso gare mu, kada mu ba masu tallar magani a kasuwannin Yendi ko Salaga jarinmu don sun yi alkawarin warkarwa cikin mako guda. Tun 2002 Ghana ta sa riga-kafin cutar cikin alluran jarirai, kuma akwai maganin tenofovir da ke danne ƙwayar. Mutanen Gambaga na kusa da asibitin Baptist na Nalerigu, na Bawku kuma suna da asibitin Presbyterian. Mu je a gwada jininmu da na iyalanmu, domin cutar kan yi shekaru tana cin hanta mai ita bai sani ba. Allah Ya ba mu lafiya, amin.