Kayan kwalliya da kuɗi kaɗan: me za a fara saya, me za a bari

Tun da gwamnati ta saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kayan kwalliya suka shiga sahun abubuwan da mace ke ɗauka ta tambayi kuɗinsu, ta mayar ta ajiye. Galibinsu daga waje ake shigo da su. A ɗaya ɓangaren kuma ga waya a hannu, inda masu kwalliyar amare ke jera kwalabe da burusai a gaban madubi, har ɗaliba ko sabuwar amarya ta ɗauka in ba ta tara wannan tulin ba, ba ta fara ba. Mai kwalliyar amare sana'a take yi, fuskoki iri-iri ke zuwa mata. Ke kuwa fuska ɗaya ce da ke, kala ɗaya, abin da take buƙata bai fi abu shida ba: man shafawa, hoda, konsila, ja-gira, jan baki, da abin da za a sa a ido.

Tarkon farko shi ne babban kit ɗin nan mai hawa-hawa da ake cusawa a lefe don a cika akwati. Ki buɗe na wata ƙawarki da ta shekara da aure ki gani. Kala biyu masu ruwan ƙasa sun ƙare har ƙarfen gindinsu ya bayyana, shuɗi da kore da ruwan hoda kuwa suna nan ko yatsa bai taɓa su ba. Hodar ciki ba ta dace da fatar kowa a gidan ba, gashin burushin ya zube, murfin ya karye an ɗaure da kyauro. Kuɗin da aka zuba a kansa da ya sayi hoda ɗaya ta kirki har da canji.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. A harkar kwalliya maganar tana da gaskiya a wasu wurare, a wasu kuma ba ta da ita, sanin bambancin shi ne dabarar mai ƙaramin ƙarfi. Abin da zai rufe fuska baki ɗaya, nan ake zuba kuɗi. In da hali, rabin abin da kika ware ya tafi kan hoda da konsila, domin nan ne kuskure ke fitowa fili tun daga nesa.

Kuskuren kuwa kusan iri ɗaya ne: sayen hodar da ta fi fata haske. Mai shago zai ce wannan za ta fito da ke, ga ƙwan lantarki fari tas a saman kanki yana taya shi. Sai an fita rana, ko an haska fitilar kyamara a wurin biki, a ga fuska ta yi toka-toka, wuya da hannu suna can da kalarsu. Kada ki gwada a bayan hannu, kalarsa daban da ta fuska. Ki shafa kala biyu ko uku a gefen muƙamuƙi, inda fuska ta haɗu da wuya, ki fito bakin shago da madubinki. Wadda ta ɓace a fatar har kika kasa nuna inda ta tsaya, ita ce taki. In fandeshon ce, ki ba ta kamar minti goma sha biyar kafin ki yanke shawara, saboda wasu kan ƙara duhu ko su koma ja bayan sun sha iska sun haɗu da maiƙon fuska. Ki kuma lura ko fatarki tana da ratsin ja ne ko na rawaya. Mata biyu kan zo ɗaya a duhu, hoda ɗaya ta karɓi wannan ta ƙi waccan.

A da, baƙar mace kan sha wahala kafin ta samu kalarta a kayan Turai. Da Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da kala 40 na fandeshon, sauran manyan kamfanoni sun bi sahu, amma kuɗin irin waɗannan ba na kowa ba ne. Kamfanonin gida sun riga su tunanin fatarmu: Tara Fela-Durotoye ta kafa House of Tara tun 1998, Zaron kuma ya zo a 2011. Da ki sayi jabun kayan Amurka, gara ki nemi na gida na ainihi a hannun dillalin da aka sani.

A ganina ma, mai farawa ta jinkirta sayen fandeshon. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 ko fiye a Kano da Sakkwato da Maraɗi, fandeshon mai kauri kuma ba ta jure gumi, ƙarshenta a jikin hijabi da mayafi. Ga alwala: duk abin da ya yi kaurin da zai hana ruwa taɓa fata sai an goge shi, kin ga kayan tsada sun bi ruwa kafin La'asar. Ɗan ɗigon konsila a ƙarƙashin ido da kan tabon ƙuraje, a bi da hoda, ya ishe ki zuwa makaranta ko ofis, sake shi kuma ba ya cin minti biyu.

Inda araha ba ta cutarwa shi ne ja-gira da jan baki. Fensir mai ruwan ƙasa mai duhu ya fi baƙi ƙirin dacewa da gira, kuma da irinsa ake zagaye leɓe, a cike tsakiya da man leɓe, shi ke nan. Jan baki guda biyu sun wadatar, ɗaya mai kama da kalar leɓe na yau da kullum, ɗaya mai ƙarfi na fita unguwa. Ɗan kaɗan daga jan bakin a kan yatsa, a murza a kumatu, ya ɗauke miki sayen jan kumatu.

Ido ne wurin da bai kamata a yi ganganci ba. Kwalli ya fi komai araha, kuma da shi muka taso, daga tandun kaka zuwa idon jariri. Sai dai dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta fitar da rahoton wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa a birnin Boston. Da aka gwada kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Yaro kan murza ido ya kai hannu baki, dalmar kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, ba tare da an ga alama nan take ba. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Mai ciki da mai goyo da jarirai su nisanci kwallin dutse. Gazal ko fensirin ido na kamfanin da ya rubuta abin da ke cikinsa ya fi aminci.

Maskara kuma ba ta daɗewa. Wata uku bayan buɗewa a jefar, ko da saura, domin duk shiga da fitar burushin ƙwayoyin cuta yake kai wa cikin kwalbar. In ta bushe ba a zuba mata ruwa, balle miyau. Ba a aronta, ba a bayar da aro, musamman a ɗakin kwanan ɗalibai inda ciwon ido ɗaya kan zagaye ɗaki. In kuɗi bai kai ba, a haƙura da ita.

Kafin ki biya kuɗin kowane abu, ki juya bayansa. Ki nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, da ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 6M ko 12M a jikinsa, wato watannin da kayan zai yi bayan an buɗe. Rubutun da ke gogewa da yatsa, warin fenti, man da ya rabu da ruwansa, ko farashin da bai kai sulusin na ainihi ba, duk alamun jabu ne. Haka kayan da aka baza a faranti suna shan rana a bakin tasha, da waɗanda ake ɗurawa a ƙananan robobi marasa suna.

Akwai kuma ramin da ke cinye kuɗin kwalliyar mata da yawa, wato man bilicin da haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan gyaran fata. A cikinsu ake samun sinadarin haidrokwinon da makuri da magungunan siteroyid, masu sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, makurin kuma ya taɓa ƙoda. A Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ta fuskar aljihu ma asara ce biyu: a sayi man kowane wata, sannan a sayi konsila mai kauri don rufe ɓarnarsa. Sabulu mai laushi da man shafawa mara haɗi sun isa. Da hunturu man kaɗe na maganin bushewar leɓe da kumatu, amma mai fuskar maiƙo ta rage hannu, yana iya tayar mata da ƙuraje.

Sauran aikin na adanawa ne. Soson hoda da burushi a wanke su da sabulu duk mako, a shanya a inuwa su bushe sarai. Jan baki ba ya son jakar da ke yini a rana ko bakin taga, narkewa yake yi. Hoda in ta faɗi ta farfashe ba a zubarwa: a niƙe ta da bayan cokali a cikin gidanta, a ɗiga spirit na kemis har ta yi damshi, a danne da ƙyalle mai tsabta, a bar ta a buɗe ta kwana. Da safe ta haɗe, za a ci gaba da amfani da ita har ta ƙare.