YADDA ZA A KIYAYE SHARA-SHARAR ALAMOMIN KWAMFUTA WAJEN GYARAN HOTO

Gabatarwa

An shirya wannan 'yar takarda domin akawuna, da malaman makaranta, da ma'aikatan maɗaba'a, da masu shagunan buga takardu, da duk ɗan ƙasa wanda aikinsa ya haɗa shi da kwamfuta. Sau da yawa malami yakan so ya shirya littafin koyarwa, ko akawu ya shirya sanarwa, sai ya ɗauko ɗaya daga cikin ƙananan alamomin nan da ke bisa fuskar kwamfuta, kamar ta kwandon shara ko ta jakar takardu, ya kai ta cikin manhajar gyaran hoto. Da ya ɗora ta a kan takarda mai launi, sai ya tarar wani farin akwati ko baƙi ya kewaye ta. In ba a lura ba har aka kai aikin maɗaba'a, an yi asarar takarda da tawada da kuɗi, kuma in aikin hukuma ne, dukiyar jama'a ce ta salwanta. Ana iya kauce wa wannan asara in an fahimci dalilinta.

Mene ne Shara-shara?

Kowane hoto a kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne da aka jera layi-layi cikin fili mai kusurwa huɗu. Ko da alama ta zama kewayayya a ido, filin da take ciki mai kusurwa huɗu ne. Abin da ya sa ba mu ganin kusurwoyin shi ne an gaya wa kwamfuta cewa ɗigogin da ke wurin babu kome a cikinsu, duk abin da ke baya ya fito. Wannan hali shi muke kira shara-shara a cikin wannan takarda, kamar yadda akan ce da yadin da ake hango abin da ke bayansa.

A ɗauki misalin mai fenti da ya zana tsuntsu a kan gilashi. In an jingina gilashin a jan bango, za a ga tsuntsu a kan ja. In an mai da shi jikin koren bango, za a gan shi a kan kore. Amma in mai hoto ya zo ya ɗauki hoton gilashin yana jingine a jan bango, to, jan ya shiga hoton ke nan har abada. Alamar kwamfuta ta asali ita ce gilashin. Kuskuren da akan yi shi ne a ɗauko hoton gilashin a bar gilashin kansa.

Yadda Kwamfuta Ke Adana Wannan Bayani

Launin kowane ɗigo ana rubuta shi da lamba 3: ta ja, ta kore, da ta shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Domin shara-shara sai a ƙara lamba ta huɗu, wadda masana suke kira alfa. In alfa ta zama 0, ɗigon ba ya ganuwa sam. In ta zama 255, ya rufe abin da ke bayansa ruf. In tana tsakani, sai launinsa ya gauraya da na baya gwargwadon lambar. Alvy Ray Smith da Ed Catmull ne suka ƙirƙiro wannan dabara a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan a 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka bayyana lissafin haɗa hotuna da ita.

Alamomin farko, irin na kwamfutar Macintosh ta 1984 waɗanda Susan Kare ta zana, baƙi da fari ne kawai, ɗigo 32 a tsaye 32 a kwance. A tsohon tsarin Windows, kowace alama tana tafe da wani marufi mai kama da sitensil, wanda ya raba ɗigogi gida biyu: wanda ake gani da wanda ba a gani. Saboda haka gefen alamomin lokacin yakan yi kaushi kamar haƙoran zarto. Da Windows XP ya fito a 2001 aka sami alamomi masu cikakkiyar alfa mai mataki 256, watau masu gefe sumul da 'yar inuwa mai laushi. Windows Vista kuwa, wanda ya shiga kasuwa ga jama'a a 2007, ya kawo manyan alamomi masu ɗigo 256 a kowane gefe.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, alfa bayani ce da ke rubuce cikin fayil. Duk inda aka bi da hoto ta hanyar da ba ta da wurin rubuta lamba ta huɗu, kwamfuta za ta cike gurbin da fari ko baƙi, ta yar da alfar. In ta tafi, ba ta dawowa da kanta.

Hanyoyi Huɗu da Ake Yin Asarar Ta

1. Ɗaukar hoton fuskar kwamfuta. Wannan ita ce hanyar da ta fi yawa, domin ita ce mafi sauƙi. Amma abin da ake samu shi ne alama haɗe da launin da ke bayanta, daidai da misalin gilashi da jan bango.

2. Kwafa da liƙawa. Ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da aka kwafa a ciki, musamman a Windows, ba kullum take miƙa alfa daga wata manhaja zuwa wata ba. Nan ne galibi baƙin akwati yake fitowa.

3. Adanawa a nau'in fayil da bai dace ba. Nau'in JPEG, wanda aka tsayar a 1992 domin hotunan kyamara, ba shi da wurin alfa ko kaɗan. Nau'in GIF, tun gyaran da aka yi masa a 1989, yana iya ɓoye launi ɗaya tak, ba ya iya rabi-da-rabi, saboda haka inuwa da gefe mai laushi sukan lalace. Nau'in PNG, wanda aka amince da shi a 1996, shi ne yake riƙe alfa cikakkiya.

4. Aikawa ta waya. In aka tura alama ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse ta, shara-shara ta ɓace. In aka tura ta a matsayin fayil na takarda, tana isa yadda take.

Ina Alamar Asali Take?

Abin da ake gani bisa fuskar Windows, mai 'yar kibiya a kusurwa, manuniya ce kawai zuwa ga manhaja. Hoton kansa yana cikin wani fayil dabam, mai ƙarewa da ICO, ko kuwa yana ƙunshe cikin fayil mai ƙarewa da EXE ko DLL. In an danna maɓallin dama na linzami a kan manuniyar, aka shiga bayananta, aka je wurin sauya alama, za a ga sunan fayil ɗin da inda yake. In yana cikin EXE ko DLL ne, sai a ciro shi da manhaja irin su Resource Hacker ko 7-Zip, waɗanda kyauta ne. A kwamfutocin Apple sunan fayil ɗin yana ƙarewa da ICNS, kuma manhajar Preview tana buɗe shi ta fitar da shi a PNG. A Linux kuwa, alamomi galibi PNG ne ko SVG tun asali.

A sani kuma fayil ɗin ICO guda ɗaya yakan ƙunshi hotuna da yawa na alama ɗaya: mai ɗigo 16, mai 32, mai 48, da mai 256 a kowane gefe. Mai 32 ɗigoginsa duka 1,024 ne, mai 256 kuwa 65,536. Maɗaba'a takan bukaci ɗigo 300 a kowane inci domin aiki ya fita tas. Bisa wannan lissafi, mai 256 bai cika inci ɗaya a takarda ba, mai 32 kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na inci ne. Wanda ya ja ƙaramin ya faɗaɗa shi zai sami hoto dishi-dishi. Saboda haka kullum a zaɓi mafi girma.

Matakan da Za a Bi

Na ɗaya, a nemo fayil ɗin asali, a yi kwafinsa a wata jaka dabam. Kada a taɓa wanda kwamfuta take aiki da shi.

Na biyu, a buɗe shi daga cikin manhajar gyaran hoto ta hanyar buɗe fayil, a bar kwafa da liƙawa. Manhajar GIMP, wadda kyauta ce, tana buɗe ICO kai tsaye, ta jera kowane girma a fallensa. Sai a bar falle mafi girma, a share sauran. Manhajar Paint ta daɗe ba ta riƙe alfa, sai a 2023 aka ƙara wa ta Windows 11 wannan iko. Mai tsohuwar kwamfuta kada ya dogara da ita.

Na uku, a duba bayan alamar. In an ga ƙananan murabba'ai fari da toka-toka kamar allon dara, alfa tana nan. Haka manhajojin gyaran hoto suke nuna wurin da babu kome, kuma murabba'an ba sa fita a takarda.

Na huɗu, in za a buɗe sabon fili domin aiki, a zaɓi bayansa ya zama shara-shara. In ana son launi a baya, a sa shi a wani falle a ƙarƙashin alamar. Kada a haɗe fallaye su zama ɗaya, domin haɗewar ita ce take cike gurbin.

Na biyar, a fitar da aikin a PNG. A kuma ajiye kwafi ɗaya a nau'in fayil na manhajar kanta, watau XCF a GIMP ko PSD a Photoshop, saboda gyaran gaba.

Na shida, a gwada kafin a buga. A ɗora alamar a kan fari, sa'an nan a kan baƙi, sa'an nan a kan launin takardar da za a yi aiki da ita. In babu akwati babu geza a duka ukun, aiki ya yi.

In An Riga An Yi Asarar Fa?

Mutane da yawa sukan ce ai sai a goge farin. Wannan magani yana da illa biyu. Ta farko, ɗigogin gefe sun riga sun gauraya. Baƙin ɗigo mai rabin alfa, in ya haɗu da fari, ya zama toka-toka ke nan. Bayan an goge farin, waɗannan ɗigogi za su rage, su zama farar geza kewaye da alamar a kan kowane launi mai duhu. Ta biyu, kwamfuta ba ta bambanta farin baya da farin da ke cikin zane. A dubi Tambarin Nijeriya: dawakai biyu farare ne, haka kuma alamar haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai a tsakiyar baƙar garkuwa. Wanda ya umarci manhaja ta goge duk wani fari zai huda dawakin da kogunan gaba ɗaya. Komawa ga fayil na asali ya fi sauƙi, ya kuma fi tsabta.

Gargaɗi

Akwai hotuna a intanet da aka zana musu murabba'an nan a baya domin a zaci shara-shara ne, alhali zane ne kawai. Gwajin mataki na shida yana tona su. Haka kuma a yi hattara da manhajojin ciro alama daga wuraren da ba a sani ba, domin ta nan miyagun manhajoji suke shiga kwamfutar ofis. Ma'aikaci ya nemi izinin jami'in da ke kula da kwamfutoci kafin ya sa kowace sabuwar manhaja.

Daga ƙarshe, alamomin nan suna da masu su. Nuna alama a littafin koyarwa domin ɗalibi ya gane inda zai danna abu ne dabam da mai da ita tambarin kasuwancin mutum. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare ayyukan zane, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce take lura da ita. Tambarin ƙasa shi ma doka ta tsare shi, ba a sarrafa shi yadda aka ga dama.

Ana roƙon shugabannin ofisoshi da na makarantu su karanta wa ma'aikatansu wannan takarda, su kuma liƙa matakan nan shida kusa da kwamfutar da ake aiki da ita. Wanda ya karanta ya sanar da wanda bai samu ba. Kiyaye dukiyar jama'a aikin kowa ne.