Waifar mota ta lalace: wa zai biya kuɗin gyara?

A watan Afrilun 2022 kamfanin Ford ya yi kiranyen motoci sama da 650,000 a Amurka, ciki har da F-150 da Expedition, saboda hannun waifarsu na iya daina aiki ana tsaka da ruwa. Kiranye na nufin kamfani ya amsa cewa aibin daga masana'anta yake, don haka dillalinsa zai gyara kyauta, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana sa ido.

Sai dai wasiƙar kiranye ba ta san hanyar Rano ba. Yawancin motocin da ke jigila tsakanin Rano da Kibiya na hannu ne, sun biyo ta Kwatano ko Legas, sunan mai su na yanzu ba ya cikin littafin kamfanin. Shi ya sa a ruwan Agusta za ka ga direba ya zuro hannu ta taga yana goge gilashi da tsumma, fasinjoji na ta salati.

Mai motar da aka shigo da ita daga Amurka na iya duba lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a shafin NHTSA. Amma robar waifa wadda rana da hunturu suka busar ba ta shiga kiranye. Wannan kam daga aljihunka.