Adana Kwamfuta Mai Manhaja Biyu Ta Hanyar Kwafin Faifai

Sau da yawa akan sami kwamfuta ɗaya ɗauke da manhajojin gudanarwa biyu, wato Windows da Linux, suna zaune a faifai guda kamar kishiyoyi, kowace da ɗakinta. Idan aka kunna na'urar, wata 'yar manhaja mai suna GRUB ce ke tambayar ɗakin da za a shiga.

Kuskuren da akan yi shi ne a kwafi takardu kawai, a ɗauka an gama. Ranar da faifai ya lalace takardun za su tsira, amma na'urar ba za ta tashi ba. Dalili kuwa, a tsohon tsarin MBR, bayit 512 na farkon faifai ne ke riƙe da umarnin tashi da taswirar ɗakunan. A sababbin na'urori, umarnin yana cikin wani ƙaramin ɗaki na EFI.

Saboda haka wajibi ne a kwafi faifan ɗungurungum. Akan kashe Windows sarai, a tayar da kwamfutar daga filasha mai ɗauke da Clonezilla, domin kada a kwafi faifai yana cikin aiki. Sannan a ajiye kwafin a wani faifai dabam.

Wajen mayarwa, sabon faifan ya kai tsohon girma ko ya fi shi, kuma duk abin da ke kansa zai goge. Abin da aka rubuta bayan ranar kwafi ba zai dawo ba. Ashe ke nan ɗalibin da kundin digirinsa ke ciki, sai ya riƙa sabunta kwafin, ya kuma gwada shi tun kafin ranar buƙata.